Sa Hannun 'Yan Wasan Besbol Ya Yi Tsada: Ina Ya Kamata Mai Tarawa Ya Sa Kuɗinsa?

Duk wanda ya daɗe yana tara sa hannun 'yan wasan besbol a Amurka ya san cewa kasuwar da ya shiga da farko ba ita ce ta yau ba. Abin da a da yaro kan samu kyauta idan ya jingina da shingen fili ya miƙa ƙwallo da biro, yanzu ya zama haja mai dillalai, da gidajen gwanjo, da kamfanonin tantancewa, da kwangiloli na miliyoyin daloli. A watan Agusta na 2020 an sayar da katin hoton ɗan wasa Mike Trout guda ɗaya mai ɗauke da sa hannunsa kan dala miliyan 3.9, alhali shekara biyu kafin nan dala 400,000 aka saye shi. A watan Maris na 2025 kuma katin Paul Skenes, matashin mai jefa ƙwallo na ƙungiyar Pittsburgh Pirates wanda a lokacin bai cika shekara guda da fara buga babbar gasa ba, ya tashi kan dala miliyan 1.11. Ba irin wannan kuɗi mai ƙaramin ƙarfi ke biya ba, amma duk lokacin da aka yayata irin wannan ciniki, dillalin da ke sayar da ƙwallon dala 100 ma sai ya ga dalilin ƙara wani abu a kai.

Mai sha'awar da kuɗinsa ƙayyadaddu ne yana da hanyoyi huɗu a gabansa: ya nemi sa hannun da kansa a fili ko ta wasiƙa, ya biya ya shiga layi a taron da ɗan wasa ke zaman sa hannu, ya sayi katunan zamani da kamfani ke fitarwa da sa hannu a jikinsu, ko kuma ya nemi tsofaffin kaya na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Kafin a gwada waɗannan hanyoyi da juna, ina ganin wajibi ne a gane cewa tsadar nan iri biyu ce, kuma ƙarkonsu ba ɗaya ba ne. Akwai tsadar da ta samo asali daga cewa mai hannun ya rasu kuma ba zai sake rubuta sunansa ba. Akwai kuma tsadar da kamfani ya shirya da gangan, inda zai buga kati ƙwaya ɗaya tak, ko biyar, ko hamsin, ya rubuta adadin a jikinsa, alhali ɗan wasan yana raye kuma gobe zai zauna ya sa hannu a kan wasu dubbai.

Dalilan tashin farashin ba ɓoyayyu ba ne. A lokacin annobar korona a 2020 mutane da dama a Amurka sun zauna a gida da 'yan kuɗi a hannu, suka koma wa sha'awar ƙuruciyarsu, masu neman riba kuma suka biyo sawunsu. Daga baya harkar ta taru a hannun 'yan tsiraru, domin kamfanin kayan wasanni na Fanatics ya sayi Topps, mai buga katunan 'yan wasa, a watan Janairu na 2022 kan kusan dala miliyan 500, kuma shi ke riƙe da kwangilar manyan taurari irin su Shohei Ohtani da Aaron Judge, ta yadda kayan da suka sa wa hannu don sayarwa ta hannunsa suke fitowa. Albashin 'yan wasan shi ma ya sauya lissafi, saboda mutumin da ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 700 ta shekara 10, kamar yadda Ohtani ya yi da Los Angeles Dodgers a watan Disamba na 2023, ba zai ba da yammacinsa guda ya zauna a teburi don 'yan canji ba. Sai dai kasuwar ba hawa kawai take yi ba. Bayan ƙololuwar da ta kai a farkon 2021, katunan zamani masu yawa sun faɗi ƙwarai a 2022 da 2023, kuma waɗanda suka saya lokacin da ciniki ke da zafi su ne suka kwana ciki.

Hanya mafi araha har yanzu ita ce mutum ya nema da kansa. A watannin Fabrairu da Maris ƙungiyoyi 30 na gasar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, suna atisayen share fage a jihohin Florida da Arizona, a ƙananan filaye inda 'yan kallo ke kusa da 'yan wasa, kuma a nan aka fi dacewa. Haka ma wasannin ƙananan rukunai, inda matasan da ba su yi suna ba tukuna ke sa hannu ba tare da ƙosawa ba. Wasu kuma kan aika kati ta gidan waya haɗe da ambulan ɗin dawowa mai kan sarki, musamman ga tsofaffin da suka yi ritaya. A manyan filaye abin ya yi wuya, domin ragar kariya da aka tsawaita a gefen fili ta raba 'yan kallo da 'yan wasa, kuma taurarin sun san cewa wasu daga cikin masu miƙo ƙwallo dillalai ne da za su sa ta a kasuwar intanet ta eBay kafin dare ya yi. Bahaushen da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, inda filin Yankees yake kuma inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, ba laifi ya gwada sa'arsa, amma kada ya ɗora rai a kan samun Judge, tauraron ƙungiyar. Raunin wannan hanya shi ne babu shaida sai idon mai ƙwallon, saboda haka ranar da ya so sayarwa dole ya biya kamfani ya tantance, kuma wani lokaci kuɗin tantancewar ya fi darajar abin da aka tantance.

Layin biya ya fi tabbas, amma shi ne inda mutum ya fi jin tsadar a aljihunsa kai tsaye. Tun cikin shekarun 1980 wannan sana'a ta kafu, kuma manyan wurarenta su ne taron masu tara kayan wasanni na ƙasa baki ɗaya, wanda aka fara a 1980 kuma ake yi duk shekara, da makon karrama sababbin gwarzaye a garin Cooperstown a watan Yuli. Wanda bai taɓa halarta ba zai yi mamakin yadda aka yanka abin gunduwa-gunduwa. Akwai tikitin sa hannu a kan hoto ko ƙwallo, akwai wani mai tsada ga riga ko sandar duka, akwai na daban idan ana son ɗan wasan ya ƙara 'yan kalmomi kamar shekarar da aka karrama shi, akwai na ɗaukar hoto tare da shi, sannan akwai na sitikar shaida. Mutum zai bi layi, ma'aikaci ya karɓi ƙwallon ya duba tikiti, ya tura wa ɗan wasan tare da biron da aka zaɓa, cikin 'yan daƙiƙu an gama an kira na baya. Farashin yana farawa daga 'yan gomiyoyin daloli ga wanda bai yi fice sosai ba, ya kai ɗaruruwa ga manyan gwarzaye.

Amfanin wannan hanya a fili yake, tun da mai kaya ya gani da idonsa, shi ya zaɓi abin da za a sa wa hannu, kuma yana iya tafiya da shaidar kamfanin da wakilinsa ke zaune a wurin. Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne sau da yawa kuɗin da ya biya a teburin ya fi abin da ƙwallon za ta kawo idan ya kai ta kasuwa washegari, domin ɗan wasan zai zauna a wani garin a wata mai zuwa ya ƙara wasu ɗaruruwa. Bob Feller, wanda ya rasu a 2010, ya sa hannu da yawa har masu tarawa suka riƙa cewa ƙwallon da bai taɓa ba ita ce mai wuyar samu. Pete Rose ya kwashe shekaru yana zaman sa hannu a shagunan Las Vegas, kuma ko ana gobe zai rasu a ƙarshen Satumba na 2024 yana wurin wani taro yana sa hannu. Dukansu manyan 'yan wasa ne, amma sa hannunsu bai taɓa zama abu mai wuyar samu ba. Saboda haka wanda ya shiga layin biya ya ɗauka cewa ganawar yake saye, kuma idan ganawar ce ta kai shi to bai yi asara ba.

Katunan zamani su ne suka fi jan hankalin matasa, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a fi yin taka-tsantsan. Kamfanin Upper Deck ne ya fara cusa katunan da aka sa wa hannu cikin fakiti a 1990, lokacin da Reggie Jackson ya sa hannu a kan guda 2,500, kuma tun daga nan dabarar ta zama ginshiƙin sana'ar. Kyawun kati shi ne kamfanin da ya buga shi ya tsaya a matsayin shaida, saboda haka tsoron jabu ya ragu sosai, kuma ajiye shi da aika shi ba su da wahala. Amma katunan ma ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ɗan wasan ya riƙe da hannunsa ya rubuta a kansa, akwai kuma wanda aka ba shi shafin sitika ya cika da sunansa, daga baya aka ɓamɓaro aka manna a kan katin da bai taɓa gani ba, kuma masu saye sun fi daraja na farko. Akwai ma katin alkawari, wanda ba sa hannu a jikinsa sai lambar da za a aika wa kamfani, a jira watanni ko fiye kafin na ainihin ya iso.

Sayen rufaffen kwalin katuna da fatan a ci karo da babban suna cinikin biri a sama ne. Kwalin da aka ce yana ɗauke da sa hannu ɗaya ko biyu ba ya faɗin na wane ne, kuma mafi yawan lokuta na matashin da ba zai taɓa zama tauraro ba ne. Wanda ya san katin da yake so ya fi masa sauƙi ya saye shi shi kaɗai daga hannun wanda ya riga ya buɗe kwalin.

Ko da an sayi katin shi kaɗai, darajarsa tana rataye ne da abin da bai faru ba tukuna. A watan Fabrairu na 2022 an biya dala 474,000 kan katin Jasson Domínguez, matashin Yankees da bai kai shekara 20 ba kuma bai taɓa buga babbar gasa ba. Da ya fara a watan Satumba na 2023 ya nuna bajinta tun bugunsa na farko, amma bayan wasa takwas jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke aka yi masa tiyata. Ko Trout kansa, wanda ya lashe kyautar gwarzon shekara sau uku a 2014 da 2016 da 2019, rauni ya dabaibaye shi bayan wancan cinikin na miliyoyi, har ya zama wasa 36 kawai ya buga a 2021 da 29 a 2024, cikin wasanni 162 da ake yi a kaka. Ba a rage masa komai daga girman da ya riga ya samu ba, amma wanda ya sayi kayansa a 2020 yana lissafin ƙarin shekaru goma na irin wancan ƙwazo, lissafinsa bai fita ba. Kuma lambar da aka rubuta a jikin kati cewa shi kaɗai ne a duniya gaskiya ce, sai dai kamfanin yana fitar da wasu katunan tilo na wannan ɗan wasan a kowace shekara cikin samfura daban-daban.

Tsofaffin kaya na waɗanda suka rasu lissafinsu daban ne, domin tarihin mai su ya kammala kuma adadinsu ba ya ƙaruwa. Waɗanda suka mutu da ƙuruciya, kafin sa hannu ya zama sana'a, su ne suka fi wuya: Lou Gehrig da ya rasu a 1941 yana ɗan shekara 37, Josh Gibson na gasar baƙaƙen fata da ya rasu a 1947, da Roberto Clemente wanda ya mutu a hatsarin jirgin sama ranar 31 ga Disamba na 1972 a hanyarsa ta kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaragua. Joe Jackson, wanda ake wa laƙabi da marar takalmi, bai iya rubutu sosai ba, matarsa ce ke sa hannu a madadinsa mafi yawan lokuta, shi ya sa hotonsa na 1911 da aka yarda cewa da hannunsa ya rubuta, wanda aka saya kan dala 179,250 a 2015, ya tashi kan dala miliyan 1.47 a watan Oktoba na 2021. Babe Ruth kuwa ya sa hannu ba adadi kafin rasuwarsa a 1948, amma masu nemansa sun fi abin da ya bari yawa, kuma tun a 2012 wata ƙwallonsa mai tsabta ta wuce dala 388,000 a gwanjo.

Waɗannan sun fi ƙarfin yawancin mutane, amma akwai wani rukuni a ƙasa da su da ba a cika waiwaya ba, wato gwarzayen da suka yi tsawon rai suka sa hannu da yawa kafin su rasu, irin su Harmon Killebrew, Stan Musial, Yogi Berra da Brooks Robinson. Ƙwallonsu mai shaidar tantancewa sau da yawa ba ta kai kuɗin kwalin kati ɗaya na masu tsada ba. Ba za ta ninka kuɗin mai ita cikin shekara guda ba, amma kuma babu rauni ko abin kunya na gobe da zai rushe ta. Ga kuma wani abu da ni kaina nake ba muhimmanci: rubutun mutanen wancan zamani yana karantuwa. An san Killebrew da yi wa matasan ƙungiyarsa ta Minnesota Twins faɗa cewa su rubuta sunansu yadda yaro zai iya karantawa bayan shekaru, alhali da yawa daga cikin taurarin yau harafi biyu da ja ɗaya suke yi su miƙo.

Babbar matsalar tsofaffin kaya ita ce jabu, kuma ba sabon abu ba ne. Tun a zamanin Ruth ma'aikatan ɗakin sauya kaya kan sa hannu a madadin taurari a kan ƙwallayen ƙungiya, sakatarori da 'yan uwa kuma kan amsa wasiƙu da sunan ɗan wasa. Daga baya 'yan damfara na gaske suka shigo. A watan Oktoba na 1999 hukumar FBI ta kai samame a binciken da ta kira Operation Bullpen, wanda ofishinta na San Diego ya jagoranta, ta tarwatsa gungun da ya cika kasuwa da jabun da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 100, har da ƙwallon da suka rubuta sunan Mother Teresa a kai. Tony Gwynn na San Diego Padres, wanda ya taimaka wa binciken, ya ga jabun sa hannunsa ne a shagon sayar da kayan ƙungiyarsa. Gungun yana haɗa kayansa da takardun shaida, wanda hakan ke nuna cewa takardar da ba a san mai ba da ita ba ba ta da wani amfani.

Shaidar ma tana da matakai, kuma ya kamata mai saye ya bambance su. Mafi ƙarfi ita ce ta ganau. Tun 2001 hukumar MLB take da jami'anta, waɗanda ake ɗauka daga cikin ma'aikatan tsaro, da ke manna tambari mai ƙyalli da lamba a kan abin da suka gani da idonsu kawai, kuma kowa na iya shigar da lambar a shafin hukumar na intanet ya ga bayanin kayan. Ƙasa da wannan akwai shaidar masana, wato kamfanoni irin su PSA, JSA da Beckett, waɗanda ke gwada rubutun da samfuran da suke da su sannan su ba da ra'ayi. Kasuwa ta yarda da su, kuma ga wanda ya rasu kafin 2001 babu wata hanya da ta fi wannan, amma ra'ayi ne, kuma yakan faru wani kamfani ya amince da abin da wani ya ƙi. Tambarin kansa ma ana kwaikwayonsa, kamar yadda ya bayyana a watan Yuli na 2025 lokacin da 'yan sanda suka kai samame kan wani dillali a jihar Indiana wanda ya yi iƙirarin cewa ya daɗe yana buga tambura na jabu. Don haka ganin sitika bai wadatar ba, sai an duba lambar an tabbatar cewa bayanin ya dace da abin da ke hannu, sannan a dubi rubutun shi kansa.

Abin da aka sa wa hannun shi ma yana da tasiri a kan daraja da ƙarko. A kan ƙwallo, abin da masu tarawa suka fi so shi ne ƙwallon gasa ta fata ƙirar Rawlings, da shuɗin biro, a daidai wurin da ɗinkunan biyu suka fi kusa da juna, kuma sunan mutum ɗaya shi kaɗai. Maka, wato alƙalami mai kaurin baki, ba ta dace da fata ba, domin tawadarta kan malala a hankali har rubutun ya dusashe, amma a kan hoto ko riga ita ce daidai. Ƙwallo mai araha ta roba takan shanye rubutu cikin 'yan shekaru. Idan ɗan wasan ya rubuta sunan mai ƙwallon a sama, abin ya fi daɗi ga mai shi amma ya rage masu saye. Hasken rana da zafi da laima duk suna cin tawada, suna kuma sa fata ta yi rawaya, saboda haka wanda zai kawo irin wannan kaya Kano ko Yamai ko Kumasi sai ya tanadi akwati mai kare haske da wuri mai sanyi, ya kuma lissafa canjin dala, da kuɗin aikowa, da inshora, da kwastan, tare da sanin cewa ranar sayarwa sai kayan sun koma Amurka ko Japan, inda masu saye suke. Ko a can ma gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'ada ta kashi 20 cikin ɗari ko fiye a kan farashin da aka buga.

Idan aka tambaye ni, wanda ke son wani ɗan wasa don kansa ya bi hanyar fili da wasiƙa, ko ya tara kuɗi ya shiga layinsa sau ɗaya, kada ya damu da abin da kasuwa za ta ce. Wanda ke son abin da zai riƙe darajarsa ya sayi ƙwallo ɗaya mai kyau ta gwarzon da tarihinsa ya kammala, mai shaidar da za a iya bincikawa, maimakon kwalaye uku ko katin matashin da ake yayi. Katin matashi na wanda ke bin ƙananan rukunai sosai ne kuma zai iya jure asarar kuɗin gaba ɗaya. Lokacin saye ma yana da nasa hukunci, domin farashi kan yi tsalle a makon da ɗan wasa ya rasu, ko ya kafa tarihi, ko ƙungiyarsa ta ci kofi a watan Oktoba, sannan ya lafa bayan 'yan watanni, musamman ga wanda ya bar sa hannu da yawa. Watannin hutun gasa, daga Nuwamba zuwa Janairu, sun fi dacewa da mai neman sauƙi, kuma kafin ya taya ya duba farashin da aka riga aka sayar da irin kayan a eBay da gidajen gwanjo irin su Heritage da Goldin, ba farashin da dillali ya rubuta yana jiran mai tsautsayi ba.